Likkafani Biyu da Garin da Ba Gari Ba

Ƙyalle takwas ne, farare, na auduga. Uku na namiji, biyar na mace, yadda mutanen Indiya da Pakistan suke yanka likkafaninsu. An jiƙa su da jarka biyu ta ruwan Zamzam, sun bushe a saman benen da nake haya, na ninke su na sa a leda. Ba maganar kuɗi a ciki, masu su sun biya tun ranar farko. Abin da ya rage kawai shi ne su isa hannun tsoho da tsohuwar da suka saya kafin ranar da za a buƙace su, ranar da kuwa ba wanda ya san ta. Wata goma sha shida ledar nan ta yi a wurina.

Yadi nake sayarwa a unguwar Misfala. Na shigo Makka ina da ƙarfina, na yi dako, na tura tsofaffi a keke wajen sa'ayi, na shimfiɗa tabarma a gefen titi na sayar da carbi da hula, har na kama shago da sunan kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a wurin hukuma, wanda ba na ganinsa sai ƙarshen wata. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini kasuwa. Duk abin da na sani sai da na yi asara kafin na san shi, shi ya sa in na riƙe wata ƙa'ida ba na sakinta da sauƙi.

Kayan ihrami da abaya da jallabiya su ne cinikin kullum. Amma bayan an sauko daga Arfa, kafin alhazai su watse, farin yadi ne yake tafiya. Tsofaffi suna son su koma gida da likkafanin da ya sha Zamzam. A harabar Harami ba a barin kowa ya shanya komai, a ɗakin otal kuma ba wuri, don haka na mayar da abin sana'a: ka zaɓi yadinka, in yanka, in kai saman bene a unguwarmu Tandabawi in jiƙa in shanya, ka dawo bayan kwana biyu ka karɓa. Kowane mutum ina maƙala wa nasa 'yar takarda da fil, mai sunansa da lambar wayarsa, don kada su cakuɗe a kan igiya.

Tsohon ya shigo ne da hantsi, yana tura matarsa a keke. Gemunsa ja da lalle, da na'urar ji a kunne ɗaya, idanunsa sun yi rawaya, yana tari irin wanda ba na Hajji ba. Na ga tarin alhazai iri-iri, na san wanda yake warkewa in an koma gida. Ba ya jin Larabci, ni kuma lokacin Turancina bai wuce ƙidaya ba, sai muka yi ciniki da yatsu. Na matar ya fara sawa aka yanka. Da aka zo nasa, na gwada tsawonsa na kama almakashi, sai ya riƙe mini hannu ya nuna in ƙara taƙi ɗaya, ya miƙe a kan yatsun ƙafa wai ko zai ƙara tsawo nan gaba. Matar ta ɗaka masa duka a hannu tana masa faɗa da yarensu, shi kuma yana dariya har tarin ya kama shi. Na ƙara masa taƙin.

Da na nemi ya rubuta suna da lamba, ya laluba aljihu ya fito da wata wasiƙa a ninke, ya yage samanta, ya rubuta a wurin da babu rubutu da wani alƙalami mai ruwa. Na karɓa ban duba alƙalamin ba. Biron da nake ba mutane ba ya jin ruwa, na saba da shi har na manta akwai wanda yake ji. Na jiƙa yadin, na maƙala takardar a jikinsa yana ɗiga, na sauko. Da na hau washegari, suna da lamba sun zama shuɗin tabo guda, har ya ɗan taɓa gefen ƙyalle ɗaya. Abin da ya tsira kawai shi ne kalmar da injin ya buga da manyan baƙaƙe a saman takardar.

Ban damu ba, tunda za su dawo. Ba su dawo ba. A rana ta uku na je otal ɗin da na ga sunansa a jikin keken matar, mai karɓar baƙi ya ce ayarinsu ya wuce Madina tun jiya, motocinsu sun zo da wuri, daga can kuma za su tashi. Ya ce shi ɗaki yake bayarwa, bai san sunan kowane tsoho ba, ayarin ma ba nasa ba ne. Na koma sau biyu, amsar ba ta canza ba.

Shekarun nan ne ake ta rushe-rushe a kewayen Harami. Bayan wata biyu aka shafa wa layinmu jan fenti, muka kwashe. Na sami wani ƙaramin shago can ƙasan Misfala, inda alhaji ba ya isa sai ƙafarsa ta gaji. Wurin tsohon shagon ya koma katangar kwano da injinan gini. Nan na gane ko da tsohon ya aiko wani, ba zai same ni ba. Ni ne zan neme shi.

Ina da maƙwabci a Tandabawi, malami daga Zariya. Ya shekara ashirin da wani abu yana koyar da Turanci a makarantar sakandare, da ya yi ritaya ya taho karatun hadisi da furfurarsa. Bayan la'asar yakan zo shagona ya sha shayi ya sha sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don na ɗakinsa ƙara kawai yake yi. Shi na miƙa wa takardar.

"Malam, me aka rubuta nan?"

Ya ɗaga ta nesa da fuskarsa. "Kirklees. Sunan wuri ne, ina ji. Bari in duba."

Washegari ya zo da wani ƙaton ƙamus da ya ɗauko tun daga gida, bangonsa an ɗinke shi da zaren buhu. Ya bi da yatsa har ya tsaya.

"Ga ta. Layi ɗaya suka ba ta. Ƙaramar hukuma ce a arewacin Ingila."

"Kamar yaya ke nan?"

"Kamar Bichi ko Gwarzo a wurinku. Ko Giwa a wurinmu."

Shi ke nan, na fahimta, ko in ce na ɗauka na fahimta. A wurinmu ƙaramar hukuma sunan gari take ɗauka, garin da sakatariya take, da kasuwa, da tasha. In ka tambayi mutumin Bichi daga ina yake, Bichi zai ce maka, ko da ƙauyensa yana da nisa da ita. Sai na zana garin Kirklees a raina, da masallacin Juma'arsa da 'yan tsofaffinsa masu jan gemu, na ce wannan ai mai sauƙi ne. Duk shekara mutanen Ingila cike suke da Misfala. In sami ɗan garin guda ɗaya in ba shi, ya kai masallaci a yi cigiya.

Haka muke aika saƙo a nan tun kafin a haife ni. Ba ma zuwa gidan waya. Kana da kaya zuwa Gusau, sai ka jira alhajin Gusau. Amma abin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin na koye shi da kan keken ɗinki. Shekarun baya na tsaya a gaban wani masauki na ce da ƙarfi ina neman mutumin Gusau zai kai wa 'yar'uwata kan keke. Nan take mutum uku suka zama 'yan Gusau. Na zaɓi wanda ya fi kama da mai tsoron Allah. Har yau keken bai isa ba. Tun daga ranar ba na fara faɗin sunan garin da nake nema. Ni nake tambaya, mutum ya faɗi garinsa da bakinsa, in ya dace da wanda yake raina sannan in buɗe magana. Ƙa'idar nan ta yi mini aiki shekara da shekaru, ban sake rasa ko allura ba. Likkafanin mutane kuwa, wanda ya sha Zamzam, ba abin da za a miƙa wa duk wanda ya ɗaga hannu ba ne.

Saboda haka takardar ta shiga durowa, ni kuma na shiga makaranta. Na ce wa Malam ya koya mini Turancin da zai ishe ni in gaisa da mutum, in tambaye shi garinsa, in gane amsar. Ya ji daɗi ƙwarai, ya yi kewar allo. Sau uku a mako, tsakanin la'asar da magariba, in ba mai saye, yana faɗa ina maimaitawa. Na haura hamsin lokacin, harshena ya riga ya bushe a kan Hausa da Larabcin kasuwa.

"Alhaji, kai in ba farashi a cikin jimla ba ta zama a kanka," in ji shi. "Jiya na koya maka gaisuwar safe, yau ka zubar. Amma 'ba ragi' sau ɗaya na faɗa."

"Wannan ita nake buƙata kullum."

"To ka ɗauka garin ma sayar maka da shi za a yi."

Wani lokacin sai ya kalli ledar a saman kanta ya girgiza kai. Karatun da yake yi bai yarda da jiƙa likkafani ba.

"Ka san abin nan ba shi da asali ko? Ba ruwan da yake hana tambayar kabari."

"Malam, ni ba fatawa nake sayarwa ba, yadi nake sayarwa. Mutum ya biya, ya bar amana."

"Amanar kam dole a mayar," ya ce, ya buɗe ƙamus. "Maimaita."

Da aka buɗe Umra na fara. Mutanen Ingila ba su da wuyar ganewa. Fuska ta Indiya ko Pakistan, amma yaransu ta hanci suke magana, suna bin layi ko ba wanda ya ce su bi, kuma suna cewa an gode ko da ka tsauwala musu. Duk wanda ya shigo shagon sai na gaishe shi da Turancin Malam na tambaye shi garinsa. Da na ga kunnena ba ya kama sunayen, sai na sayi ɗan littafi mai layi, in miƙa wa mutum in ce ya rubuta mini garinsa don tunawa. Suna son haka, wasu har da addu'a suke ƙarawa. In sun fita in jawo durowa in gwada da takardar tsohon. Na haddace surar kalmar, harafin farko mai ƙafa biyu a buɗe, da wani irinsa a tsakiya. A ranakun da ba ciniki nakan rufe shagon awa ɗaya in hau sama wajen manyan otal-otal, in tsaya a bakin ƙofa da littafina kamar mai neman taimako. Masu gadi sun kore ni ba sau ɗaya ba.

Ran Alhamis Malam yake duba littafin, yana karantawa da ƙarfi. Bradford. Leicester. Blackburn. Dewsbury. Bradford kuma. Batley. Huddersfield. Dewsbury. Shafi ya cika, wani ya cika, ba Kirklees ko ɗaya.

"Ƙila ƙaramin wuri ne," in ji Malam. "Ƙila Musulmin can ba su fi gida biyar ba."

"To su biyar ɗin ba sa zuwa Umra?"

"Sai ka yi haƙuri."

Na yi haƙurin, amma ba da daɗin rai ba. Na taɓa kai ledar gida don ta daina kallona, uwargida ta ce ba za ta kwana da likkafanin wasu a ƙarƙashin gadonta ba, na dawo da ita. In na ɗaga kai na gan ta sai in tuna tarin nan da rawayar idon, in lissafa watanni.

Cikin azumi, a goman tsakiya, wani mutum ya shigo da azahar, zafi ya dafa shi. Zai yi shekara arba'in da biyar, mai fara'a, yana jin Larabci kaɗan don ya taɓa aiki a Jidda. Na ba shi kujera ya huta. Ya ga farin yadi ya tambaya ko ina jiƙawa, na ce ina yi. Ya ce zai saya wa mahaifiyarsa, a garinsu tsofaffi ba abin da suke so a kawo musu kamar wannan. Na miƙa masa littafin, ya rubuta Batley. Na riga na san surar wannan, na gan ta sau da yawa, na san ba ita ba ce.

Da ya dawo karɓa bayan kwana biyu muka daɗe muna hira. Ya ce shi kaɗai ya zo, jakarsa rabi ba komai, har yana tsokanata in cika masa ita da abaya a kan rabin kuɗi. Mutumin ya kwanta mini. Na tuna sarai hannuna ya kai kan durowar, har na ɗan jawo ta. Na ce a raina in nuna masa mana, ko ya san wani can. Sai wata zuciyar ta ce, mutumin da ka sani kwana biyu? Wanda ya tafi da keken ɗinki ma fara'a gare shi. In ya ce ya san wurin, da me za ka gane gaskiyarsa? Na mayar da durowar, na ba shi ledarsa, na raka shi bakin ƙofa. Ya ce in sa shi a addu'a.

Aka yi Sallah, aka yi wani Hajjin. Na sa ido ko tsohon zai dawo da kansa ko ya aiko ɗa, ban ga kowa ba. Littafin farko ya cika na sayi na biyu. Turancina ya ɗan miƙe, har ina iya yi wa mace bayanin bambancin yadin Japan da na Indonesiya, amma abin da na shiga makarantar dominsa yana nan inda yake. A gaskiya bayan Hajjin nan na saki jiki. Na daina hawa wajen otal-otal. Tambayar ma wani lokacin sai mutum ya fita nake tuna ban yi ba. Wata rana ina share durowa na ɗauki takardar, na rasa inda zan sa ta, sai na tura ta ƙarƙashin gilashin kanta tare da katunan masu kawo kaya. Ba dabara ba ce. Na gaji da ɓoyon ne kawai.

Ta yi kamar wata uku a wurin, ba wanda ya kula, don gilashin kullum yadi ne a kansa. Sai ran nan, lokacin Umrar sanyi, wata Hajiya ta shigo, Bahaushiya 'yar Kaduna, mai jiki, mai murya. Abaya goma sha biyu take so, na abokan aikinta, kowace da awonta a waya. Ta ce nas ce a wani asibiti a Ingila. Ban ko miƙa mata littafin ba, don ni a kaina tsohon nan mutanensa masu jan gemu ne, ban taɓa kawo Bahaushe a lissafin ba. Ta yi ciniki kamar za ta cire mini haƙori. Da muka daidaita na kwashe abayoyin daga kan gilashi zan ninke, sai ta duƙa ta ƙura ido, ta fashe da dariya.

"Alhaji, har nan suka biyo ka? Kai ma ba ka biya kuɗin shara ba?"

"Su wa, Hajiya?"

"Waɗannan mana." Ta buga gilashin da farce. "Masu kwashe mana shara. Duk shekara sai sun aiko mini da irin wannan takardar, in na ga kanta gabana faɗuwa yake."

Na ajiye abayar da take hannuna. "Kin san garin?"

"Wane gari?"

"Kirklees."

"Ai ba gari ba ne."

"Malaminmu ya duba, ya ce ƙaramar hukuma ce."

"Malaminku bai yi ƙarya ba. Amma ba irin ta gida ba ce. Garuruwa ne da yawa aka haɗa su a hukuma ɗaya, aka ba ta sunan da ba na ɗayansu ba. Ba tashar da za ka je ka ce a kai ka Kirklees. Ni shekara tara ina zaune a cikinta, ban taɓa ce wa mutum daga can nake ba. In ka tambaye ni, Huddersfield zan ce maka."

"To sunan na mene ne?"

"Na takarda. Haraji, shara, neman wa yaro makaranta, in rami ya fashe a titi ka rasa wanda za ka zaga. Ko a bayan wasiƙa ba ma sa shi. Garinka za ka rubuta, da lambar unguwa."

Na jawo littattafan nan biyu na ajiye a gabanta, na ce ta duba mini ko akwai na cikin hukumar tasu. Ta karɓi biro tana buɗe shafi tana sa alama, tana yi tana murmushi, don ba ta san me take ƙirgawa ba.

"Wannan namu ne. Wannan ma. Dewsbury ai nan ne cibiyar masu jan gemu. Batley, namu. Ga garina ma har sau uku. Alhaji, ai rabin maƙwabtana sun shigo shagon nan. Me kake tarawa haka?"

Sai na sauko da ledar na gaya mata, tun daga taƙin da aka ƙara har zuwa tawadar da ta narke. Murmushin ya tafi. Ta zauna a kujerar da ban ba ta ba.

"Shekara ɗaya da wata huɗu?"

"Haka."

"Duk mutanen nan, ba wanda ka nuna wa takardar?"

"Ba na fara faɗin sunan gari. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar wa?"

"Tawa."

"To sannu," ta ce. "Ai kuwa ta tsare maka kayan. Ga su nan ba abin da ya taɓa su."

Ana haka Malam ya shigo shan shayinsa. Na ce masa ga wadda take zaune a Kirklees, ya washe baki ya ce alhamdulillahi, ashe akwai mutane a garin. Ta maimaita masa abin da ta gaya mini. Ya saurara, ya gyara tabarau.

"Amma Hajiya, ƙamus bai faɗi haka ba."

"Allah gafarta Malam, ƙamus bai taɓa biyan kuɗin shara ba."

Ya buɗe baki zai kare littafinsa, sai ya kalli ledar a kan kanta ya fasa. Ranar bai sha shayin ba. Daga baya na ga ya rubuta wani abu da fensir a gefen layin nan guda, ƙanana ƙanana, har ya gangara ƙasan shafin. Ban zarge shi ba, kuma ban bar shi ya zargi kansa a gabana ba. Shi abin da aka rubuta ya karanta. Ni na rufe durowa.

Na ba Hajiyar ledar a take. Ban nemi ganin fasfonta ba, ban tambayi wanda ya san ta ba. Ta ce jakarta ta cika, amma za ta bar dabinon da ta saya a Madina, na ce ta bar shi a nan zan aika mata da shi ta hannun wani. Na kwatanta mata tsohon da matarsa iyakar abin da na tuna, da shekarar Hajjinsu, da otal ɗin. Ta ce akwai wadda suke aiki tare, mijinta yana cikin masu kula da wani masallaci, za a yi cigiya ran Juma'a, masallatan can duk sun san juna. Ta rubuta lambata a wayarta, ta kira a gabana don ta tabbata ta shiga.

Bayan mako biyar saƙon muryarta ya shigo, ina tsakiyar auna wa wani yadi. Na bari sai da ya fita sannan na saurara.

An same su a Juma'a ta uku. A Batley suke. Ɗansu ne ya zo bayan salla ya ce iyayensa ne, labarin likkafanin da aka bari a Makka kowa a gidansu ya san shi. Sau biyu suna ba masu zuwa Umra sallahu, duka biyun suka dawo suka ce ba shago a wurin, sai katanga. Tsohon ya rasu kamar mako shida bayan ƙaramar Sallah. Yana asibiti ma ya tambaya ko an ji wani abu daga wurin mai yadin nan. Da farin yadin da masallaci yake ajiyewa aka rufe shi. Tsohuwar tana nan da rai. Hajiyar ta ce da kanta ta kai mata har ɗaki, ta buɗe ledar ta kai yadin fuskarta ta daɗe a haka, sannan ta sa aka ware mata nata biyar ta ajiye a cikin akwatinta. Na mijin ta ce a kai masallaci, a rufe duk wanda ya mutu ba shi da kowa. Ɗan ya nemi ya aiko mini da wani abu, na ce ta ce masa a'a.

Na so in tambaye ta ko sun san wani mutum mai fara'a da ya taɓa aiki a Jidda, wanda ya kai wa mahaifiyarsa likkafani cikin azumin nan. Na fara ɗaukar muryar na goge. Ta riga ta gaya mini garin ba wani babba ba ne, da wuya a ce ba su san shi ba.

Da yamma bayan na rufe rabin ƙofa na zauna da littattafan, na bi alamomin da ta sa. Na san inda azumi ya ƙare a littafin farko, don a shafin ne shayi ya zube ranar jajibirin Sallah. Kafin wannan shafin, mutum goma sha huɗu ne daga garuruwan hukumar suka tsaya a gabana suka rubuta da hannunsu, biyar daga cikinsu daga Batley. Bayansa akwai wasu tara, amma waɗannan ba su da amfani a lissafin, daga zuwan alhazai suka fara, ko na ba su ba za su riske shi ba.

Abin da na samu, na sami Turancin da nake ciniki da shi har yau, ya kuma kawo mini masu saye da da sai su wuce. Tsohuwa ta sami nata tana da rai. Wani bawan Allah da ban sani ba ya sami sutura mai kyau. Abin da na rasa guda ɗaya ne: mutum ya zaɓi yadin da za a rufe shi da shi, ya biya, ya bar shi a hannuna, aka rufe shi da wani. Sau goma sha huɗu hanya tana zuwa har bakin kantata yana da sauran numfashi, ni kuma ina ba ta canji ina cewa ta gaida gida. Na auna ta kowane gefe, ribar ba ta rufe wannan ba.